Mulkin mallaka da mulkin intanet: tambayoyi da amsoshi

Yanzu da ka taɓo maganar Facebook ko Google a cikin mutane sai ka ji wani ya ce ai mulkin mallaka ne ya dawo da sabuwar riga, wani kuma ya ce haba malam ƙarin gishiri ne kawai. Duka ɓangarorin suna da abin faɗa, kuma tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattaro su na amsa gwargwadon fahimtata.

Wai me ya haɗa mulkin mallaka da intanet ne tun farko?

Hanya ce ta haɗa su. Da an ce mulkin mallaka abin da ke zuwa ran mutane shi ne bature da hular kwano da tuta da soja, to amma wannan ƙarshen labarin ne, farkonsa ciniki ne da neman riƙe hanyar da kaya ke bi. Wanda ya riƙe hanya shi ke yanka kuɗin wucewa, shi ke cewa wane ya wuce wane ya tsaya, kuma ba sai ya mallaki gonar kowa ba. A ganina kamannin da ke tsakanin abubuwan biyu a nan yake, manyan kamfanonin intanet sun fi kama da kamfanonin cinikin da suka share wa daulolin Turai fage, ba da gwamnan da ya zo daga baya ba. Masana biyu, Nick Couldry da Ulises Mejias, su suka yayata kiran abin da mulkin mallakar bayanai a wajen 2019, daga nan kalmar ta bazu har ta kai ana liƙa ta a kan komai.

Ta yaya kamfanin 'yan kasuwa zai zama gwamnati? Ni abin bai shige ni ba.

Ai ya faru, kuma ba sau ɗaya ba. Ranar 31 ga Disamba 1600 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila ta ba wasu 'yan kasuwar Landan takardar izinin cewa su kaɗai ne 'yan ƙasarta da za su yi ciniki a gabas, shi ne East India Company. Sama da shekara ɗari suna zaune a bakin teku suna sayen yadi da kayan yaji suna lallaɓa sarakunan Indiya suna neman alfarma, ba wanda zai kalle su ya ce wata rana su za su mulki wurin. Sai a 1757 a yaƙin Plassey Robert Clive ya kayar da mai mulkin Bengal Siraj ud-Daulah, kuma ba wai jarumta ce ta yi aiki ba, sun riga sun gama ƙulla magana da babban kwamandansa Mir Jafar ya janye hannu a filin daga, da ɗan gari kan ci gari. A 1765 sarkin Mughal Shah Alam na biyu ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar haraji a Bengal da Bihar da Orissa. Ka tsaya ka yi tunani, kamfani mai masu hannun jari da ke jiran riba a Landan shi ne ke karɓar harajin miliyoyin mutane, da kuɗin harajin kuma yake sayen kayan da zai fitar, wato da kuɗinka ake sayen kayanka. Shekara biyar bayan nan aka yi yunwar Bengal ta 1770 miliyoyi suka mutu, karɓar haraji kuma bai tsaya ba. Zuwa farkon shekarun 1800 sojan kamfanin ya kai wajen mutum 260,000, kusan ninki biyu na sojan Ingila kanta.

Holan ma tana da nata, VOC, da aka kafa a 1602, an ba shi ikon yin yaƙi da ƙulla yarjejeniya da gina ganuwa da buga kuɗi. A Afirka kuma akwai kamfanin Cecil Rhodes da ya samu takardarsa a 1889, da Royal Niger Company na George Goldie da ya samu tasa a 1886. Labarin na Goldie ne ya fi ba ni sha'awa a wannan zance, don shi abin da ya kama kogi ne, wato kogin Neja. Ya sa lasisi da kuɗin fito a kan duk wanda yake ɗauka baƙo ne, sai ga mutanen Nembe da suka gaji ciniki a kogin tun kaka da kakanni sun wayi gari su ne baƙi a kasuwar da suka saba ci, in sun shiga ba lasisi a ce 'yan fasa ƙwauri ne. Tura ta kai bango a Janairun 1895 Sarki Koko ya jagoranci kai hari hedikwatar kamfanin a Akassa. Duk wanda ke neman abinci ta wata manhaja ya tashi da safe ya tarar an canza doka ko an rufe masa asusu ba bayani ba wanda zai kai wa ƙara, zai gane ɗan wani abu daga takaicin mutanen nan, ko da yake shi ba a ƙona masa gari ba, su an ƙona nasu.

To su ai ƙasa suka kama. Waɗannan me suka kama?

Mashiga. Kuma ko su na da ba duka ne suka fara da ƙasa ba. Fotugal ƙaramar ƙasa ce ba ta da mutanen da za ta mamaye Asiya da su, sai Afonso de Albuquerque ya bi wuraren da jiragen ruwa ba su da yadda za su yi sai sun bi, ya kama Goa a 1510, Malacca a 1511, Hormuz a 1515. Suka kuma ƙirƙiro wata takardar wucewa mai suna kartaz, duk jirgin da ke yawo a tekun Indiya sai ya saya, in an kama ka babu ita a ƙwace jirgin da kayan. Tekun ba nasu ba, kayan ba nasu ba, jirgin ba nasu ba, amma sai ka biya.

Yanzu dubi wayar hannunka. Kusan duk wayar zamani a duniya ko dai Android na Google ce ko iPhone na Apple, kuma hanyar da mai haɗa manhaja zai kai gare ka ita ce shagon manhajojinsu, su kuma suna yankar har kashi 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi a ciki, ƙananan masu sana'a kashi 15, kuma su ke da ikon cewa wannan manhaja ta shiga wannan a cire ta. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don kawai ya zama shi ne wurin binciken da za ka tarar a wayarka da burauzarka ba tare da ka zaɓa ba, a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya riƙe kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. Ba mai biyan irin wannan kuɗi a kan abin da ba shi da amfani. Sannan ga rumbunan ajiyar bayanai da bankuna da gwamnatoci da ƙananan kamfanoni ke hayar wuri a ciki, Amazon da Microsoft da Google su uku sun riƙe sama da kashi 60 na kasuwar. Sai kuma saye duk wani da ke neman buɗe wata mashigar, Google ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan biliyan 1 ya sayi WhatsApp a 2014 kan wajen biliyan 19. Goldie ma haka ya yi, sai da ya haɗe kamfanonin Ingila da ke kogin wuri ɗaya ya saye na Faransa kafin ya je neman takarda.

Ba a iska intanet take ba? Ina ruwanta da teku?

A ƙarƙashin ruwa take malam. Sama da kashi 95 na bayanan da ke tsallaka nahiya zuwa nahiya ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku suke bi, tauraron ɗan adam ɗan kaɗan yake ɗauka. Abin mamakin shi ne in ka ɗora taswirar wayoyin yau a kan taswirar wayar tangaraho ta zamanin daular Ingila za ka ga hanyoyin kusan ɗaya ne, Masar da Bahar Maliya da Aden da Mumbai da Singafo. An shimfiɗa wayar farko da ta ɗore tsakanin Turai da Amurka a 1866, ta Indiya ta teku ta kai Bombay, wato Mumbai ta yau, a 1870, zuwa 1902 Ingila ta kammala zagaye duniya da wayar da ba ta sauka ko'ina sai ƙasar da ke hannunta. Amfanin hakan ya fito fili a Agustan 1914, yaƙin duniya na farko na ɓarkewa abu na farko da Ingila ta yi shi ne ta aika jirgi ya datse wayoyin Jamus na teku, ya zama saƙon Jamus sai ya bi layin da Ingila za ta iya saurare.

A da kamfanonin sadarwa ne ke haɗa kuɗi su shimfiɗa waya, yanzu masu manhajojin da kansu ke yi. Google na da Equiano da ta taso daga Fotugal ta gangara Afirka ta Kudu ta sauka Togo da Najeriya da Namibiya a hanya, sunan ma na Olaudah Equiano ne, wanda aka sayar bawa yana yaro ya fanshi kansa ya yi rubutu a kan bauta, kowa ya fassara zaɓen sunan yadda ya ga dama. Meta kuma, wato kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp da Instagram, na cikin masu wayar 2Africa mai tsawon wajen kilomita 45,000. Gaskiya wayoyin nan suna ƙara saurin intanet suna rage tsadarta, wannan ba abin musu ba ne. Jirgin ƙasa ma da aka gina daga Mombasa zuwa tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901 talakawa sun hau sun amfana. Tambayar ita ce daga ina zuwa ina aka ja layin kuma don wa, layukan dogo na wancan zamani daga wurin albarkatu suke tafiya zuwa tashar ruwa, ba su haɗa maƙwabci da maƙwabci. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Kwaddibuwa ƙasashe da dama na yammacin Afirka har zuwa kudu suka shiga matsala lokaci ɗaya, a ranar mutane da yawa suka fara sanin akwai wata waya a teku.

Amma ai da kanmu muke danna "na yarda", ba wanda ya tilasta mana.

Lobengula sarkin Ndebele, a inda yanzu ake kira Zimbabwe, shi ma da hannunsa ya sa alama a takarda. A Oktoban 1888 Charles Rudd wakilin Rhodes ya zo masa da yarjejeniya, aka yi masa alƙawarin bindigogi 1,000 da harsashi 100,000 da fam 100 duk wata da jirgin ruwa a kogin Zambezi, da baki kuma aka gaya masa turawan da za su zo haƙa ba za su wuce goma ba, amma abin da ke rubuce shi ne ya ba da ikon duk ma'adinan ƙasarsa. Da ya gano sai ya aika wa Sarauniya Victoria cewa bai yarda ba, ina, bakin alƙalami ya bushe, da takardar nan Rhodes ya samu izini a 1889, a 1893 aka ci ƙasar da yaƙi. Na Habasha ya fi wannan rainin hankali, yarjejeniyar Wuchale ta 1889 sashe na 17 a Amhariyanci yana cewa sarkin ƙasar Menelik zai iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje in ya so, a Italiyanci kuma yana cewa dole ta hannunta zai bi. Shi dai Menelik yana da ƙarfin da zai ce bai yarda ba kuma ya tabbatar a Adwa a 1896.

Ban ce sharuɗɗan manhaja yaudara iri ɗaya ba ce, don su a rubuce suke kowa na iya karantawa. Amma shafuka nawa ne, da wane harshe, wa ya rubuta, za ka iya cewa a gyara sashe kaza? Ba ciniki a ciki, ko ka karɓa duka ko ka fita, kuma akwai layin da ke cewa suna iya canzawa duk lokacin da suka ga dama. Aikin takardar a duka zamanin biyu ɗaya ne, ranar da rigima ta tashi a ɗago ta a ce ai ga sa hannunka.

Kyauta fa suke ba mu. Wane ɗan mulkin mallaka ne ya taɓa ba da kyauta?

Da yawansu ma, madubi da tufa da bindiga da makaranta da asibiti. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin Meta kusan duka daga talla yake fitowa, Google ma mafi yawa, abin da suke sayar wa masu talla kuwa shi ne hankalinka da sanin ko kai waye, me ka bincika, ina ka je, me ka tsaya kallo na daƙiƙa nawa. Misalin da aka fi kawowa shi ne Free Basics, shirin Facebook na ba talakawa intanet ba tare da data ba, amma ba duka intanet ba, wasu zaɓaɓɓun shafuka ne da suka cika sharuɗɗan kamfanin. A Fabrairun 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan tsari, sai Marc Andreessen wanda ke cikin hukumar daraktocin Facebook ya fusata ya rubuta a Twitter cewa ai ƙin mulkin mallaka ya daɗe yana cutar da tattalin arzikin Indiyawa, aka yi masa ca, ya goge ya ba da haƙuri, Zuckerberg shugaban kamfanin ya fito ya ce ba da yawunsa ba. Wato ba ma masu suka ne suka kawo kwatancen a ranar ba, ɗan gida ne ya kawo da bakinsa.

Sai dai a nan akwai inda kwatancen ke ɗingishi. In an kwashe zinariya ko roba ko auduga sun tafi kenan, wurin ya zama rami. Bayanai kuwa in an kwafa naka na nan, kuma bayanan mutum ɗaya ba su da wata daraja sai an haɗa da na miliyoyi, shi ya sa batun "a biya ni kuɗin bayanaina" ba zai kai ka ko'ina ba. Asarar a wani wurin take, ana tattara ɗanyen abu daga ko'ina a sarrafa shi a wurare ƙalilan a dawo a sayar maka a matsayin sabis, riba da haraji da ƙwarewa su zauna can. Wannan kam ya yi kama da audugar Indiya da ake kaiwa Lancashire ta Ingila a dawo da ita yadi. Kuma ɗanyen kaya na gaske ma bai fita daga lissafi ba, wajen kashi 70 na kobalt ɗin duniya da ake batir da shi daga Kongo yake fitowa, ƙasar da Sarki Leopold na Beljiyam ya tatsi robarta.

Su waye 'yan koren wannan zamani?

Ba daular da ta taɓa mulki da mutanenta kaɗai, ba su da yawan. Manyan jami'an mulkin Ingila a Indiya ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba a kan mutum wajen miliyan 300, sojan kamfanin da na ambata galibinsu Indiyawa ne, ga masarautu sama da 500 da aka bar wa sarakunansu rawani aka ajiye musu razdan a gefe. Irin tsarin da Lugard ya yi suna da shi kenan bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, sarki na nan alƙali na nan mai karɓar haraji na nan, amma maganar ƙarshe ba tasu ba ce. Arha ne ya kawo tsarin ba ƙaunar al'ada ba.

A intanet ma haka, admin na guruf da ke aikin sa ido ba albashi, mai mabiya miliyan da ke jawo jama'a yana samun ɗan kasonsa amma in an juya lissafin da ke zaɓar abin da mutane za su gani sai kasuwarsa ta mutu cikin mako guda, direba da mai kai kaya da manhaja ke ba aiki ta kuma kore su, da masu tace munanan hotuna da bidiyo a Nairobi da Manila ta hannun 'yan kwangila. A farkon 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Kenya da ke tantance munanan rubuce-rubuce don horar da ƙirƙirarriyar basira ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Ban faɗi haka don zagin kowa ba, tafinta da akawu da masinja na wancan zamani ma abinci suke nema, kuma daga cikinsu da 'ya'yansu ne masu neman 'yancin kai suka fito.

To ina bindigar? In ba bindiga ai ba mulkin mallaka ba ne.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan kwatancen kuma ni na yarda da ita. A 1621 Jan Pieterszoon Coen na VOC ya afka wa tsibiran Banda da ke Indonesiya ta yau saboda wani ƙwallon kayan ƙamshi da a can kaɗai yake fitowa, mutanen wajen 15,000 ne, aka kashe wasu aka bautar da wasu saura suka gudu. A Kongo tsakanin 1885 da 1908 ƙasar dukiyar Sarki Leopold na biyu ce shi kaɗai, ƙauyen da bai cika adadin roba ba a yi garkuwa da matansa, a yi bulala, a yanke hannu. A Omdurman ta Sudan a 1898 bindiga mai ruwa ta sojan Ingila ta kashe wajen mutum 10,000 a wuni ɗaya, ɗaya ɓangaren bai rasa 50 ba. Jamus ta yi wa Herero da Nama na Namibiya kisan kiyashi tsakanin 1904 da 1908, sai a 2021 ta amsa sunan abin. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashe 14 suka zauna tsara yadda za a yi rabon Afirka ba ɗan Afirka ko ɗaya a ɗakin. Duk wanda zai kwatanta wannan da an rufe masa asusu ko an cika masa waya da talla to bai yi wa mamatan adalci ba, ni kaina shi ya sa nake taka tsantsan da kalmar.

Amma kar a ce ba jini ko kaɗan. A Myanmar Facebook ne intanet ɗin yawancin mutane, aka yi ta yaɗa ƙiyayya ga 'yan Rohingya a kai, kamfanin ba shi da isassun masu jin harshen da za su sa ido, a 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere Bangladesh, a 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Sojan Myanmar ne suka yi kisan ba kamfanin ba. Laifinsa shi ne ya shiga ƙasa ya mamaye hanyar da mutane ke jin labari bai ɗauki nauyin abin da ke bin hanyar ba.

In ba dole me ya hana mutane fita?

Mutanenka. Amfanin manhajar hira shi ne kowa na ciki, in ka fita kai kaɗai ka fita, danginka da abokan cinikinka da makarantar yaranka suna can. A Janairun 2021 da WhatsApp ya sanar da sabbin sharuɗɗa miliyoyi sun sauke Signal da Telegram cikin fushi, yawancinsu kuma ba su goge WhatsApp ɗin ba. Duk da haka sarautar nan tana faɗuwa da sauri fiye da ta da, shafin zumunta na MySpace da aka saya dala miliyan 580 a 2005 an sayar da shi wajen miliyan 35 a 2011, Nokia da BlackBerry da Yahoo duk sun yi zamaninsu. East India Company ya shekara sama da 250 kafin a raba shi da Indiya.

Kamfanin ne mai iko ko gwamnatin da ke bayansa?

Tarihi dai ya nuna in ta yi tsami gwamnati ce ke karɓa. Bayan boren 1857 gwamnatin Ingila ta ƙwace Indiya daga hannun kamfani a 1858, VOC ya ruguje a 1799 gwamnatin Holan ta gaji yankunansa da bashinsa, ranar 1 ga Janairu 1900 Ingila ta karɓi yankin Royal Niger Company ta biya shi fam 865,000. Kamfani ya yi sharar fage da kuɗin masu jari, gwamnati ta zo ta kafa tuta.

Yau ma da rikici ya tashi kake gane kowane kamfani yana da ƙasa. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanai daga manyan kamfanonin ƙasar. A 2019 Amurka ta sa Huawei a jerin takunkumi, sabbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google, kasuwarsa a wajen Sin ta karye. A 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren aka cire wasu bankunanta daga SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon tura kuɗi, Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a ƙasar. Ko kana ganin takunkumin daidai ne ko ba daidai ba, darasin da kowace gwamnati ta ɗauka ɗaya ne, makunnin na hannun wani. Wani lokacin kuma kamfanin ne ke gwada ƙwanji, kamar Fabrairun 2021 da Facebook ya toshe labarai a Ostireliya na 'yan kwanaki saboda dokar da za ta sa ya biya gidajen jarida.

Sin fa? Ita ba ta cikin lissafin?

Tana ciki dumu-dumu. Ta rufe ƙofarta, Google ya janye bincikensa daga can a 2010, Facebook a toshe yake, ta reni nata su Tencent da Alibaba da ByteDance, sannan ta fito waje da kayan Huawei da ke cikin turakun sadarwar ƙasashe da yawa da TikTok da ke wayar matasan duniya. Wanda ya gudu daga wancan ya faɗa wannan an gudu ne ba a tsira ba. Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020 bayan rikicin iyaka, waɗanda suka fi cin gajiyar gurbin kuwa Instagram da YouTube ne.

Kenan gwamnatin da ta toshe intanet ko ta kori kamfani 'yanci take karewa?

A'a, ba kullum ba, kuma a nan nake ganin an fi cin zarafin kalmar. Mai mulki ya ji zafin suka sai ya tuna da mulkin mallaka. An katse intanet a Kashmir a Agustan 2019, mai sauri ba ta dawo ba sai Fabrairun 2021, Tigray ta Habasha ta yi wajen shekara biyu a duhu daga Nuwamban 2020, ba kamfanin waje ne ya yi waɗannan ba. Bayan samun 'yancin kai ma ai shugabanni da yawa dokokin tsare mutum ba shari'a da na hana jarida da bature ya bari suka ɗauka suka ci gaba da amfani da su. Abin da nake tambaya in an zo da irin wannan doka shi ne ikon da za a ƙwace daga kamfani hannun wa zai koma, kuma akwai kotun da talaka zai je in an zalunce shi?

Akwai wanda ya taɓa karya irin wannan riƙo?

An rage shi dai a wurare. Tarayyar Turai da yake kasuwarta babba ce tana iya sa doka a ji, dokar kare bayananta ta fara aiki a Mayun 2018, a 2023 aka ci tarar Meta yuro biliyan 1.2, a shekarar kuma ta ayyana kamfanoni shida a matsayin masu tsaron ƙofa, Alphabet mai Google da Amazon da Apple da ByteDance da Meta da Microsoft, har ta kai Apple ya yarda a buɗe wasu shagunan manhaja ban da nasa, amma a lokacin, a 2024, a Turai kaɗai. Ƙaramar ƙasa ita kaɗai ba za ta iya wannan ba, kamfanin sai ya ce ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce a gina titin da ba na kowa ba. Imel misali ne da muke gani kullum ba mu lura, mai Gmail na aika wa mai Yahoo saƙo ya isa saboda ƙa'idar a buɗe take, mai WhatsApp kuwa ba ya iya aika wa mai Telegram. Babban bankin Barazil ya fito da Pix a Nuwamban 2020, tura kuɗi nan take ba sai ta katin kamfanin waje ba, cikin 'yan shekaru ya zama hanyar biyan kuɗi da aka fi amfani da ita a ƙasar. Indiya ta riga su da nata irin wannan tsarin mai suna UPI a 2016, zuwa 2023 ana hada-hada sama da biliyan 10 a wata a kansa, kuma kowane banki da kowace manhaja na iya hawa. To amma ka duba su waye a saman titin, wajen kashi 80 na hada-hadar UPI ta manhajoji biyu take bi, Google Pay da PhonePe, shi kuma PhonePe mafi yawan hannun jarinsa na Walmart ne na Amurka. Hukumar da ke kula da tsarin ta sa dokar cewa kada manhaja ɗaya ta wuce kashi 30, sai dai tun daga lokacin take ta ɗaga ranar da dokar za ta fara aiki.